Alƙalan Waya da Jinin Yaro

Ranar 4 ga Disamba 2021 aka sace Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar, a kan hanyarta ta komawa gida daga Islamiyya a yankin Dakata cikin Kano. Sama da mako shida babu wanda ya san inda take. Hotonta ya shiga kusan kowace waya a Arewa, daga Facebook zuwa zaurukan WhatsApp, ana cigiya ana addu'a. Sai a watan Janairun 2022 jami'an DSS da 'yan sanda suka kama mai makarantar bokon da take zuwa, Abdulmalik Tanko, wanda ya nemi fansar naira miliyan 6. Ya riga ya ba ta maganin ɓera, ya binne ta a harabar makaranta. Ranar 28 ga Yuli 2022 Mai Shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Kano ya yanke masa hukuncin kisa tare da abokin laifinsa Hashimu Isyaku.

Shari'ar Hanifa ta kai gaɓa. Amma duk wanda ya zauna a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ta jihar Kaduna ya san cewa mafi yawan irin wannan magana ba ta kaiwa ko'ina. A nemi yaro da la'asar a rasa, a kwana ana haska fitila a lunguna, washegari ko jibi a tsinci gawarsa a tsohuwar rijiya, ko a kududdufi, ko a tsakiyar gonar rake inda mutum a tsaye ma ba a hango shi. A yi masa sutura kafin azahar, a zauna zaman makoki, 'yan sanda su ce suna bincike. Daga nan shiru. A da, abin da ya rage sai raɗa a majalisa da gulmar bakin rijiya. Yanzu kuwa maganar na komawa cikin waya, inda samari da matan aure da malaman makaranta ke zama masu bincike: wa ya gan shi ƙarshe, me ya sa takalminsa ɗaya yana bakin hanya, don me wane bai zo jana'iza ba. Tambayar da ake ja-in-ja a kai ita ce, wannan aiki taimako ne ga jinin yaron, ko ƙarin ɓarna ne a kan ɓarna?

Masu kare shi suna da hujja mai nauyi, kuma ba na jin mai adalci zai yi watsi da ita. Suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Mutane ba su zama masu bincike don sha'awa ba, sun zama ne saboda wurin da ya kamata a samu mai bincike fanko ne. Ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma ba shi da ikon kammala shari'ar kisan kai; dole fayil ya tafi sashen binciken manyan laifuka a Kaduna, daga can ya jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a, kafin a kai ga babbar kotu. A kowane mataki takarda na iya kwanciya wata da watanni. Manomin tumatir daga Paki ko Saulawa ba shi da kuɗin motar zarya, ba shi da wanda zai ɗaga waya a madadinsa. Binciken gawa sai an dangana da babban asibiti irin na koyarwa da ke Shika, kuma iyaye da yawa ba sa yarda a taɓa jikin ɗansu, ga shi addini da al'ada sun koya mana gaggauta binnewa. Gwajin ƙwayoyin halitta kuwa, cibiyar da jihar Legas ta buɗe a 2017 ita ce ake misali da ita a ƙasar nan, ita ma ta gamu da ɓarna a tarzomar Oktoban 2020. Idan babu likitan da ya duba gawa, babu wanda ya killace wurin, babu wanda ya bi sawun waya, me ya rage wa jama'a ban da idanunsu da bakinsu?

Kuma suna da shaidar cewa hayaniya na aiki. Da aka tono gawar Hanifa, kukan da aka yi a kafafen sada zumunta ya kai fadar shugaban ƙasa. Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya yi alkawarin sa hannu a takardar hukunci, gwamnati ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu don sake tantancewa, aka gama shari'ar cikin kimanin wata shida a ƙasar da shari'ar kisa kan shafe shekaru. Haka ma yaran Kano da aka gano a Onica a Oktoban 2019 bayan an sace su an sauya musu suna da addini: surutun jama'a na daga cikin abin da ya sa aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, daga baya kotu ta ɗaure ɗaya daga cikin masu satar yaran, Paul Owne, shekara 104 a 2021. Wa ke tantama cewa da an yi gum, da wasu daga cikin waɗannan fayiloli suna nan ƙura ta rufe su? Cigiya ma ai ba baƙuwarmu ba ce. Sanƙira ya yi ta da baki a kasuwa, gidajen rediyo sun yi ta shekara da shekaru. Wayar hannu ta faɗaɗa ta ne kawai, ta yadda hoton yaron da ya ɓace a Hunƙuyi zai riga motar da ta ɗauke shi isa Kwanar Dangora.

Wasu daga cikin masu wannan ra'ayi, musamman almajiran ilimi, sukan ƙara da cewa karanta alama ba haramun ba ne. Suna kafa hujja da ƙissar Annabi Yusuf, inda rigar da ta yage ta baya ta wanke shi, da kuma rigar farko da aka shafa wa jinin ƙarya mahaifinsa bai gamsu da ita ba. Malaman fiƙihu sun daɗe suna ciro hukuncin aiki da alamu daga nan. To idan hankali ya halatta ga alƙali, don me za a haramta shi ga talaka mai waya?

Duk wannan na karɓa. Inda na fara rabuwa da su shi ne idan aka tambayi abin da ya kama Abdulmalik Tanko. Ba nazarin mutanen intanet ne ya tona shi ba. Kwaɗayin kuɗin fansa ne ya sa ya ci gaba da tuntuɓar iyayen ta waya, jami'an tsaro suka bi sawu suka kama shi. An ruwaito cewa yana cikin waɗanda suka fara zuwa gidan su Hanifa yin jaje. Mutum ne mai makaranta, mai iyali, wanda iyaye ke miƙa wa 'ya'yansu da safe. Zaton jama'a ba kasafai yake sauka a kan irin wannan ba. Zato yana da hanyar da ya saba bi, kamar ruwan sama da ke neman gangare: ya gangara kan kishiyar uwa, kan almajirin da ke yi wa gidan aike, kan baƙon da ya zo cin rani, kan Bafulatanin da ya bi da shanu ta wajen, kan tsohuwar da ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. A farkon 2025 Babbar Kotun Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda sun kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a ƙaramar hukumar Wudil bisa zargin maita, zargin da tushensa mafarki ne. Wannan shi ne irin hankalin da muke ɗauka mu shiga da shi cikin waya. Waya ba ta gyara shi, sauri kawai take ƙara masa.

Mai son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Amurka, inda suka riga mu shigarta. Ranar 26 ga Disamba 1996 aka tsinci gawar JonBenét Ramsey, 'yar shekara shida, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansu a garin Boulder, bayan uwarta ta ce ta ga doguwar wasiƙar neman fansar dala 118,000. Tun a ranar aka ɓata wurin: abokan arziki sun yi ta kai-komo a cikin gidan, uban da kansa ya ɗauko gawar ya hau da ita sama. Lokacin intanet na tasowa, sai shari'ar ta zama abin yi ga dubban mutanen da ba su taɓa taka garin ba. Sun auna rubutun wasiƙar harafi-harafi, sun yi gardama kan ɗan guntun abarbar da aka samu a cikinta, sun saurari kiran da uwar ta yi wa 'yan sanda har suna jin muryoyin da wasu ba sa ji. Sun rabu gida biyu, masu cewa daga cikin gida ne da masu cewa ɓarawo ne ya hauro, kowane gida na da tarin hujjoji. Uwar ta rasu a 2006 da zargin a kanta. A shekarar ne wani mai suna John Mark Karr ya yi iƙirarin shi ne, gwaji ya ƙaryata shi. A 2008 babbar mai gabatar da ƙara ta yankin ta rubuta wa iyalin takardar wanke su bisa gwajin ƙwayoyin halitta, wasu masu binciken suka ce ta yi gaggawa. Yayan yarinyar, wanda yake ɗan shekara tara lokacin da abin ya faru, ya girma ana nuna shi da yatsa, har ya kai tashar CBS ƙara yana neman dala miliyan 750 bayan wani shiri na 2016, aka sasanta a 2019. Kusan shekara talatin ana magana, ba a hukunta kowa ba. Abin da duk wannan nazari ya samar a zahiri shi ne mutanen da aka rataya wa kisan kai ba tare da kotu ba.

Faransa ma ta ga nata tun kafin zuwan intanet, lokacin jaridu ne ke rura wutar. An tsamo Grégory Villemin, ɗan shekara huɗu, daga kogin Vologne a Oktoban 1984, hannu da ƙafa a ɗaure. Aka kama wani ɗan uwan uban, Bernard Laroche, aka sake shi. Uban, wanda ya riga ya gama yanke hukunci a zuciyarsa, ya bindige shi a Maris 1985. Sai zargi ya juya kan uwar yaron, ba a wanke ta ba sai 1993. Gida ɗaya, gawa biyu, kuma har yau ba a san wanda ya jefa yaron a ruwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, a wurinmu tazarar da ke tsakanin magana da sanda gajeriya ce ƙwarai. Wanda ke zaune a wata jiha ta Amurka yana zargin iyalin Ramsey ba zai taɓa haɗuwa da su a layin famfo ba. A Ikara kuwa, mai zargi da wanda ake zargi masallacinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, wataƙila akwai auratayya a tsakani. Ba sai an faɗi suna ba. A ce "wani mai shago kusa da tasha" ko "matar da ta tare bara", an gama. Saƙon murya na minti biyu, wanda ya fara da "daga majiya mai tushe" ya ƙare da "don Allah a tura wa kowa", zai zaga zauren 'yan unguwa da na tsofaffin ɗalibai da na 'yan ƙungiyar manoma kafin a idar da isha'i. Ko da gaskiya ta fito daga baya, ba ta da ƙafar da za ta bi duk gidajen da ƙaryar ta shiga. Za a fasa auren 'yar wanda aka zarga ba a gaya masa dalili ba. Za a daina sayen mazarƙwailarsa. Idan an yi rashin sa'a kuma samari su taru da dare.

Ba hasashe nake yi ba. Binciken BBC na 2018 ya nuna yadda hoton wani jariri da aka sassara, wanda ya riga rikicin Gashish ta jihar Filato na watan Yunin shekarar fitowa a Facebook da watanni, da wani bidiyo da aka ɗauka a Kongo tun 2012, waɗanda aka yaɗa a matsayin na rikicin, suka taimaka wajen tunzura matasa a Filato har aka tare hanya aka kashe matafiya Musulmi. A Ingila, bayan an kashe 'yan mata ƙanana uku a Southport ranar 29 ga Yuli 2024, wani sunan ƙarya mai kama da na Musulmi ya bazu a intanet cikin sa'o'i, washegari aka far wa masallacin garin, alhali wanda ya yi kisan haifaffen Cardiff ne. A nan Najeriya, da ɗalibin makarantar Dowen a Legas, Sylvester Oromoni, ɗan shekara 12, ya rasu a Nuwamban 2021, an yaɗa sunaye da hotunan yara 'yan uwansa ɗalibai a matsayin makasa. A Afrilun 2024 kotun binciken musabbabin mutuwa ta ce rashin lafiya ce da sakaci wajen magani. Iyalinsa ba su gamsu ba, kuma suna da 'yancin ƙin gamsuwa. Amma waɗancan yaran, duk wanda ya nemi sunansu a intanet abin da zai fara gani ke nan, har tsufansu.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba, ita ce wadda ake yi wa shari'ar kanta. Mai laifi ma yana cikin zauren, yana karanta abin da aka gano da abin da ba a gano ba, yana gyara labarinsa. Yarinyar da ta ga wani mutum a kan babur da yaron, bayan ta ga hoton wane sau ashirin ana cewa shi ne, sai fuskar da ke cikin ƙwaƙwalwarta ta koma tasa, kuma za ta rantse da zuciya ɗaya. Wurin da aka tsinci gawa kan cika da masu ɗaukar bidiyo kafin ɗan sanda ya iso, sawun da zai yi magana ya ɓace ƙarƙashin sawu ɗari. A Kano, kwanaki kaɗan bayan tono Hanifa aka cinna wa makarantar wuta da daddare. Da masu bincike ba su riga sun kwashe abin da suke buƙata ba, da fushin masoyanta ya yi wa wanda ya kashe ta aiki. Shi kansa ya amsa laifi a gaban kamara, duniya ta gani, amma da aka je kotu ya musanta kisan, sai da masu gabatar da ƙara suka kawo shaidu ɗaya bayan ɗaya. Ban ma taɓo hoton gawa ba, wanda ake turawa da rubutun innalillahi a ƙasa, uwar yaron na buɗe waya ta ci karo da shi bayan shekara. Ban kuma taɓo masu shafukan da suka gane cewa mutuwar yaro na tara mabiya ba.

Waɗanda suka kawo hujjar rigar Annabi Yusuf, ina roƙonsu su ƙarasa karatun. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake biyawa a zaurukan Zazzau tun kaka da kakanni, ta yi bayanin ƙasama: idan an kashe mutum babu cikakkun shaidu amma akwai ƙaƙƙarfar alama, kamar shaidar adali ɗaya ko furucin mamacin kafin ya cika, magadan jini za su yi rantsuwa hamsin a kan wanda suke tuhuma. A kisan ganganci ba a karɓa daga ƙasa da maza biyu, kuma ba a kashe fiye da mutum ɗaya da ita. Sannan littafin ya fayyace cewa samun gawa a unguwar wasu mutane ba ya wajabta ƙasama a kansu, kuma dalilin da malaman Malikiyya suka bayar a fili yake: mai kisa na iya ɗaukar gawa ya yar a ƙofar waninsa. Wato hujjar da ta fi kowace yawo a wayoyinmu, "ai a bayan gidansa aka same shi", ita ce fiƙihunmu ya ƙi amincewa da ita tun fiye da shekara dubu. Shari'a ta yarda da alama, amma ta damƙa awonta a hannun alƙali, ta kuma ɗora wa mai zargi nauyi: ya fito da fuskarsa da sunansa, ya tsaya ya rantse da Allah. Mai tura saƙon murya bai rantse da komai ba, sau da yawa ma ba a san ko wane ne ba. Suratul Hujurati ta umarce mu da tantance labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci, ta kuma hana yawan zato da bin diddigin asirin juna. Bahaushe ya ɗauko daga nan ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Wasu za su ce to a kama masu yaɗawa, ai akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ga kuma dokar ɓata suna. Ba na ɗokin wannan magani. Mun ga yadda aka fi amfani da sashen wajen tsare 'yan jarida da masu sukar masu mulki, kuma ranar da aka rufe bakin jama'a gaba ɗaya, mai kuɗin da ɗansa ya yi kisa shi zai fi kowa barci.

Ra'ayina shi ne ƙarfin da ke cikin wayoyin nan na gaske ne, amma muna harba shi inda bai dace ba. A shari'ar Hanifa da ta yaran Onica, abin da ya yi aiki shi ne matsa wa hukuma, ba farautar maƙwabci ba. Mutum ɗari biyu da ke zauren WhatsApp na garinsu, maimakon su kwana suna auna wa ya yi kuka a makoki wa bai yi ba, za su iya tambayar abin da ke da amsa: an rubuta ƙorafin a ofishin 'yan sanda? Wane jami'i ke riƙe da fayil? Ya tafi Kaduna, ranar nawa ga wata? Likita ya duba gawar kafin a binne, ko da duban waje ne ya rubuta? Wanda aka kama aka sake, wa ya tsaya masa? Ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi sun san da maganar? Waɗannan tambayoyi ana iya maimaita su duk mako, shekara guda, ba su kashe kowa ba, kuma su ne jami'in da ya karɓi na goro ya fi tsoro. Wanda kuma ya ga wani abu da idonsa, wurinsa gaban mai bincike ne, tare da mai unguwa ko limami idan yana jin tsoro, kafin labarin wasu ya gauraye da nasa.

Na san inda wannan shawara ke da rauni. Akwai ranar da za a bi duk matakan, a kai shaida, a yi zarya, sannan a ga wanda ake tuhuma ya dawo gida cikin kwana uku saboda yana da dogon hannu. Iyalin Ochanya Ogbanje, yarinyar Binuwai 'yar shekara 13 da ta rasu a 2018 bayan zargin cin zarafi na shekaru, sun ga an sallami babban wanda ake tuhuma a 2022, ɗansa kuma ba a kawo shi gaban kotu ba. A irin wannan hali ba zan iya duban uba in ce ya yi shiru ba. Abin da zan ce masa shi ne ya yi maganar da bakinsa da sunansa, lauya na gefensa, takardar ƙorafi na gaban kwamishinan 'yan sanda da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ya faɗi abin da ya gani da wanda ya kai wa da ranar da ya kai. Jama'a kuma su yaɗa wannan, su tara masa kuɗin mota zuwa Kaduna, su cika kotu ranar zama.